Motar da Baballe Ya Duba

A Kura, in mutum ya ce zai sayi mota, tambayar farko da ake yi masa ita ce, "Baballe ya duba maka ita?" In ya ce a'a, sai a yi masa kallon wanda ya faɗa kanal bai iya iyo ba. Shekara talatin da 'yan kai Malam Baballe ya yi yana jan a-kori-kura, yana kwasar tumatir da albasa daga gonakin rani zuwa kasuwar Kwanar Gafan, har ta kai ko yana cikin masallaci mota ta wuce, in an sallame zai gaya maka abin da ke damunta. Ba ya karɓar komai a kan duba mota. Sunan kawai yake ci, sunan kuma ya ishe shi, don ba shi da wani abin taƙama a duniya da ya wuce shi.

Yadda yake duban ma abin kallo ne. Zai saurari inji ido a rufe, ya sunsuna hayaƙin salansa, ya murza baƙin mai tsakanin yatsunsa. Daga ƙarshe sai ya sa a shimfiɗa masa buhu, ya shige ƙarƙashin motar ya kwanta rigingine, yana bin shasi da ido daga gaba har baya. Shasi kuwa shi ne ƙashin bayan mota, dogayen ƙarafan nan biyu da komai ya zauna a kansu. Yakan ce inji ana gyara shi, fenti ana sake shi, amma shasin da ya taɓa karyewa ya gama ɗaukar kaya har abada. In ya fito ya kaɗe rigarsa ya ce, "A biya," to magana ta ƙare.

Ɗansa namiji tilo, Mudassiru, ya zo ne bayan mata uku. Shekarar da ya cika sha takwas uban ya yanko masa takardar koyo, ya ce lokaci ya yi. Kullum da hantsi sai su hau hanyar da ke bin gefen babban kanal, ruwa a hagu, gonakin tumatir a dama, hanyar da ba ta yafe wa mai ganganci. Baballe malami ne mai zafi. Bai iya "sannu" ba, bai iya "ka yi ƙoƙari" ba. "Saki kuloci a hankali, ba jaki kake kora ba!" "Wa ya ce ka taka totur? Gobara ake yi a gidanku?" In yaron ya buɗe baki zai yi bayani sai ya katse shi, ya ce ɗan koyo ba ya mayar wa maigidansa magana, haka shi ma aka koya masa a tasha. Mudassiru kuwa yaro ne mai sanyin hali, irin wanda in babba yana magana idonsa na ƙasa. Ya haɗiye faɗan duka, hannunsa kuma ya faɗa da wuri.

A kan hanyar nan ne ya gano abin da uban yake ɓoyewa. Wata rana Baballe ya ce masa, "Rage gudu, akwai rami gaban kwalbatin nan." Ramin kuwa tun wata biyu da suka wuce aka cike shi. Mudassiru ya rage. Can gaba kaɗan sai ga amalanken shanu ya fito daga wata gona ta dama, ɓangaren da uban yake zaune, har ƙahon sa ɗaya ya kusa taɓa madubi. Mudassiru ya danna birki, motar ta yi tsalle ta mutu.

"Kai, lafiya? Me ka gani?" in ji Baballe.

Sai da mai amalanken ya yi sallama sannan ya juyo da kansa gaba ɗaya, ya dube shi, ya amsa. Wannan fa mutumin da a da ko kaza ce ta yi niyyar tsallaka titi, shi ke fara ganinta.

Da suka koma gida Mudassiru ya sami mahaifiyarsa, Zuliha, tana tsince shinkafa a tsakar gida. Bai gama faɗa ba ta ajiye faifan, ta ja shi ɗaki.

"Tun bara na sani," ta ce. "Ya je asibitin ido a Kano shi kaɗai, ya ce mini kayan mota zai sayo. Hawan jinin ido ne. Sun ba shi maganin ɗigawa, yana ɓoye shi a aljihun tsohuwar rigarsa, yana zaton ban gani ba. Abin da ke gabansa daidai yana gani, kamar mai leƙe ta bututu. Amma gefe, da wurin da ba haske, babu. Ganin da ya tafi kuma sun ce ba ya dawowa."

"Umma, to me ya sa ba zai faɗa ba?"

"Ya faɗa ya zama wa? Kai ma ka san ubanka. Ranar da garin nan ya ji Baballe ba ya gani, ranar zai kwanta." Ta riƙe masa hannu, idonta ya kawo ruwa. "Don Allah ka rufa masa asiri. Kada ma ka bari ya gane ka gane."

Ya yi mata alkawari. Ya fita ya zauna a bayan gida, tausayin ubansa ya cika masa ƙirji har ya kasa cin abincin rana.

Ba a yi wata ba tsohuwar a-kori-kurar ta buga inji a hanyar Bunkure, bugun da ba ya gyaruwa. Baballe ya sayar wa 'yan gwangwan, ya haɗa da abin da shinkafar damina ta kawo, ya ce za a sayi wata, amma ba tasa ba ce, ta Mudassiru ce. Mutane kuwa ce musu ya yi bayansa ya gaji da kujera. Kowa a gidan ya san in wannan ta kuɓuce ba za a sake haɗa irinta nan kusa ba, ga tumatir ya fara fure.

Ranar Asabar suka tafi. Malam Dattijo, maƙwabcinsu na gona, ya liƙe ya ce sai ya bi su, don baɗi shi ma yana so ya saya, gara ya fara koyon ido tun yanzu. Dattijo mutumin kirki ne, sai dai magana ba ta kwana a cikinsa. In ka gaya masa abu a Kadawa, kafin ka iso Kura ya riga ka zuwa. Suka sauka a wani filin sayar da motoci a bakin titi kafin a shiga Kano, na wani Alhaji Lukmanu. Jin an ce Baballe ne ya sa Alhajin ya miƙe tsaye da kansa, dillalai suka bar bencinsu suka zagayo kallo.

Tun daga ƙofa idon Mudassiru ya maƙale a jikin wata 'yar jar mota mai baƙin gilashi, irin wadda samari ke ɗaukar hoto a jingine da ita. Dattijo ya lura, ya kuwa tona masa asiri nan take.

"Malam Baballe, ɗanka fa ya riga ya yi zaɓi!"

Baballe ya juya ya ƙare mata kallo. "Wannan? Kwando nawa za ta ɗauka? Biyu, ɗaya a cinyarsa ɗaya a tawa?"

Aka yi dariya, har da Mudassirun. Shi ma ya san mafarki ne.

A-kori-kura biyu ne a filin da aljihunsu zai iya. Ta farko fara ce, ta sha duniya, ƙofarta ɗaya a lotse, bodinta duk tabon igiya. Da aka tayar da ita sai da ta yi tari sau biyu kafin ta daidaita. Baballe ya karkata kunne ya ce ba babban ciwo ba ne, amma a bari su ga waccan tukuna. Kafin su wuce Mudassiru ya durƙusa kamar mai gyara takalmi ya leƙa ƙarƙashinta. Ƙarafan a miƙe suke sambal, tsatsa kawai ta ɗan taɓa su.

Ta biyun shuɗiya ce, sabon fenti, tayoyi da sauran ƙwari. Ana murɗa makulli ta tashi, tana numfashi a hankali kamar jaririn da ya ƙoshi ya yi barci. Baballe ya rufe ido. Mudassiru ya daɗe bai ga fuskar ubansa ta saki haka ba. Ya sunsuna hayaƙin, ya murza man, ya juya wajen Dattijo.

"Ka ji mota. Wanda ya riƙe inji haka, ba zai bar ƙashinta ya lalace ba."

Aka kawo buhu. Baballe ya cire hula ya miƙa wa Dattijo, ya kwanta, ya shige. Jim kaɗan sai muryarsa ta fito daga ƙarƙashi.

"Mudassiru, shigo ka koya."

Bai taɓa kiran kowa ƙarƙashin mota ba. Yaron ya kwanta a ƙasa ya ja jiki har kafaɗarsa ta taɓa ta uban. Wurin da duhu-duhu, sai warin mai, sai takalman mutane da suka kewaye motar ta kowane gefe. Idonsa na sabawa da inuwar ya gan shi. A ƙarfen dama, daidai inda kan mota ya ƙare bodi ya fara, akwai wani kumburi mai tsawon tafin hannu, kamar tabon ƙuna. Walda ce. An karye, an haɗa, an shafe da baƙin mai aka watsa ƙasa a kai don ya saje. Duk wanda ya zauna kusa da Baballe na wata guda ya san ma'anar wannan.

Uban yana juya kai a hankali daga gaba zuwa baya, kamar yadda ya saba. Fuskarsa ta wuce ta kan tabon, tazarar ba ta fi kamu ɗaya ba, ba ta tsaya ba. Ya ɗaga hannu ya shafa ƙarfen hagu, ya ce, "Masha Allah." Sannan ya ɗaga murya, muryar nan tasa ta malami, yadda na waje za su ji.

"To, ɗan koyo, ni na gama nawa. Faɗa wa jama'a abin da ka gani."

Mudassiru ya sake duban tabon. In ya ce ga walda, dillalan nan duk za su ji ɗan koyo ya ga abin da Baballe ya wuce ya ce masa Masha Allah. Dattijo zai ɗauka ya kai Kura kafin su sami motar komawa. Uban kuma zai san ya sani. Ya tuna hannun mahaifiyarsa a kan nasa.

"Ka duba da kyau," uban ya sake cewa, wannan karon ƙasa-ƙasa.

"Ban ga komai ba, Baba."

Baballe ya saki wata doguwar ajiyar zuciya. Ya ja jiki ya fita, ya kaɗe riga, ya karɓi hularsa ya ɗora. "A biya," ya ce. Dillalai suka hau kabbara da wasa. Sai ya ɗaga hannu. "Amma motar yaro ce. Ni shawara na bayar, shi zai zaɓa da bakinsa."

Mudassiru ya ga ƙofa ta ɗan buɗe, ya yi ƙoƙarin bi ta ciki. "Baba, ni da farar aka ɗauka. Kamar za ta fi mini sauƙin tuƙi."

Wurin ya ɓarke da dariya. Alhaji Lukmanu ya tafa hannu. "Ikon Allah! Malam Baballe ya ce shuɗiya, ɗan koyo ya ce fara. Yaran zamani ke nan."

"Kai Mudassiru, ka san bakin wa kake ja kuwa?" in ji Dattijo. "Mutane daga Madobi suke zuwa roƙon ya duba musu!"

Baballe bai yi dariya ba. Ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya ya kafa wa ɗansa ido. "Akwai abin da ka gani a jikin shuɗiyar da bai yi maka ba?"

Mudassiru ya dubi uban, tsaye a tsakiyar mutane, hula a karkace, ƙasa a gefen gemunsa, cikin girman da ya yi shekara talatin yana ginawa. Ya sunkuyar da kai.

"Babu komai, Baba. Shuɗiyar nake so."

Ko Alhaji Lukmanu ya san da waldar, ko shi ma haka aka kawo masa, wannan Allah ne masani. Abin da aka sani dai bai tanka ba, ya miƙa makulli yana sa albarka. Baballe ya ce ɗan koyo ya ja su gida, yana so ya ga hannunsa a kwalta. Aka manna jar alamar koyo gaba da baya. A ƙofar gida maƙwabta suka taru, liman ya yi addu'a, Zuliha ta aiko da ƙosai aka raba sadaka. Abokan Mudassiru suna ta shafa fentin suna ce masa, "Oga, ka haye!" Shi kuwa yana murmushi ne kawai don kada a tambaye shi. Ko mahaifiyarsa bai gaya wa ba, don ya san in ta ji, laifin kanta za ta gani.

Tumatir ya nuna, aka fara kwasa. Mudassiru ya riƙa lallaɓa motar kamar mai ɗauke da majinyaci. Inda wasu ke jera kwanduna hawa uku, shi biyu yake yi, ya ce hannunsa bai gama ƙwari ba. In ya zo kwalbati sai ya koma giya ɗaya, ya hau da taya ɗaya-ɗaya. Direbobin Kwanar Gafan suka sa masa suna Mai-ƙwai. Uban yana jin haushi, yana faɗa, amma a ransa yana ganin tsoron ɗan koyo ne, zai wuce.

Sau biyu Mudassiru ya je har ƙofar mai walda a Kura da ƙafa, da nufin ya tambayi yadda ake ɗaura wa shasi ƙarfe a ƙara masa ƙarfi. Sau biyun yana juyowa. Wace mota? Ta wa? Wa ya duba ta? Garin duka ya san amsar. Ya yi tunanin ya kai ta wani gari mai nisa inda ba a san su ba, amma ɗan koyo ba ya fita shi kaɗai, kuma duk inda motar ta nufa Baballe yana kujerar gefe. Haka ya yi ta cewa gobe, yana kwana da abin yana tashi da shi, har ya rame.

Sai zafi ya sauko gaba ɗaya cikin mako guda, tumatir ya nuna a tare, na kowa da kowa. Ranar wata Talata aka ce akwai babbar motar Kudu tana lodi a Kwanar Gafan, da azahar za ta tashi, wanda bai kai nasa ba sai dai ya zuba wa shanu. Motar da ta saba ɗaukar wa Dattijo ba ta zo ba, ya taho gonarsu Baballe yana haki yana roƙo.

"A ɗora masa," in ji Baballe.

"Baba, mu yi sawu biyu mana," in ji Mudassiru.

"Kafin ka yi sawu biyu motar Kudu ta kai Zariya. A ƙara hawa ɗaya."

"Baba, nauyin..."

"Kai! Wannan motar ni na duba ta."

A gaban leburori da Dattijo ya faɗa. Mudassiru ya kama igiya yana ɗaurewa.

Suka kama hanyar gefen kanal, Dattijo yana biye da su a babur. Mudassiru yana tafiya yana karanta duk addu'ar da ya sani. Kwalbati na farko suka wuce, na biyu ma haka. Na uku yana da tudu, inda ƙaramin kanal ya ratsa ƙarƙashin hanya. Tayoyin gaba suka hau suka sauka. Na baya na hawa sai aka ji ƙas, kamar busasshen reshe ya karye, amma da ƙarfin da ya shiga har cikin haƙori. Tsakiyar motar ta zauna a ƙasa. Bodi ya daki bayan kai, igiyoyi suka tsinke, kwanduna suka bi juna suna gangarawa cikin kanal. Kafin Mudassiru ya kashe inji ruwan ya yi ja da tumatir, yana tafiya da shi.

Babu wanda ya ji ciwo. Amma hanyar siririya ce, motar kuma ta tare ta. Nan da nan masu ban ruwa suka bar gonakinsu, 'yan babur suka tsaya, motoci uku suka jeru a baya, ana ta salati ana yi musu barka da arziki. Wani direba daga cikin na bayan, baƙo ne daga wajen Bunkure, bai san kowa a wurin ba, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi.

"Kai! Ai tsohuwar karaya ce wannan. Walda aka yi aka shafe da baƙin mai. Ko yaro ya leƙa ai ya gani. Wa ya saya muku mota bai duba ƙarƙashinta ba?"

Mutanen Kura suka sunkuyar da kai, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Dattijo, a karon farko a rayuwarsa, ya buɗe baki bai sami abin faɗa ba.

Baballe ya sauko yana dafa jikin motar har ya kai tsakiya. Bai nemi buhu ba. Ya kwanta cikin taɓo da ruwan tumatir, da farar rigarsa, ya tura kai da hannu ɗaya inda akwai sauran sarari. Ba da ido ya nema ba, da yatsu ya bi ƙarfen har ya isa bakin karayar. Ya daɗe yana shafa kumburin waldar.

"Mudassiru."

Yaron ya durƙusa a gefensa, ya kawo kunne.

"Ranar nan ka gan shi?"

"Na gani, Baba."

"Kuma ka san ba na gani."

"Na sani."

Yatsun uban na nan kan ƙarfen. Da ya sake magana, muryar ba ta malamin tuƙi ba ce, ta wani tsoho ce da Mudassiru bai taɓa ji ba.

"Shekara talatin ban taɓa shiga da kowa ƙarƙashin mota ba. Kai na kira, don ba ni da sauran ido sai naka. Da ka ce ga walda, sai in fito in ce gwada ka nake yi. A yi dariya, a ce ɗan Baballe ya gado. Babu wanda zai san komai."

Hawaye suka ɓalle wa Mudassiru, ya kasa tare su. "Na ji tsoron kada in kunyata ka ne, Baba."

"Na sani. Ni na koya maka yin shiru." Ya ja numfashi. "Ni ma da na iya buɗe baki na ce maka, ɗana, duba mini, da ba mu zo nan ba."

Ya ja jiki ya fito. Mudassiru ya kai hannu zai ɗaga shi, ya ƙi, ya miƙe da kansa. Bai kaɗe rigar ba. Ya juya fuskarsa wajen da ya ji muryar baƙon direban.

"Ɗan'uwa, ka yi tambaya ba a amsa maka ba. Ni na duba ta. Sunana Baballe, in kana jin labari." Ya ɗaga murya don na baya su ji. "Jama'a, yaron nan ba shi da laifi. Idona ya tafi tun bara, na ɓoye muku. Duk wanda na duba wa mota daga bara zuwa yau, ya kai a sake duba masa, ya kuma yafe mini. Dattijo, tumatirinka yana wuyana. Baɗi kuma in za ka sayi taka, ka nemi wani."

"Haba Malam Baballe, wane tumatir kuma," in ji Dattijo, ya juya baya yana goge ido da hannun riga.

Wasu samari suka ce za su turo motar gefe, wasu suka shiga ruwa suna tsamo kwandunan da ba su yi nisa ba. Baballe bai waiwayi ko ɗaya ba. Ya tsaya a tsakiyar hanya, a gaban mutanen da ya yi shekara guda yana taka ƙasa a gabansu kamar mai gani, ya miƙa hannunsa na dama cikin iska.

"Kama ni, ka kai ni gida."

Mudassiru ya kama. Hannun duk baƙin mai ne. Mutane suka dare suka ba su hanya.